Darasin da Ya Isa Gida: Aikin Malamin Aji a Ƙasar Wurno, Rabah da Goronyo



An nemi mu yi magana a kan yadda malami zai koyar a aji har koyarwarsa ta yi amfani. Batu ne da ya cika littattafan horar da malamai, kuma da yawa daga cikinku, musamman masu nazarin fannin ilmi, sun fi mu sanin sunayen masanan Turai da Amurka da suka yi rubutu a kansa. Mu dai malaman aji ne, alli da allo su ne kayan aikinmu, abin da za mu faɗa kuwa ya fito ne daga ƙasar da ke gabas da birnin Sakkwato, wato Wurno da Rabah da Goronyo. Ra'ayinmu guda ɗaya ne, za mu kuwa faɗe shi tun da fari don wanda gyangyaɗi zai ɗauka kafin mu gama ya tafi da shi. A ganinmu ana auna darasi ne da abin da yaro ya iya ɗauka ya kai gida, har ya bayyana wa wani da bakinsa ko ya aikata shi da hannunsa. Darasin da ya tsaya a bakin ƙofar aji, ko da an tsara shi a littafin shirin darasi da jan biro da shuɗi, hedimasta ya duba, sufeto ya sa hannu, ba a koyar da shi ba tukuna.

Kowa a nan ya san yadda ake ƙare darasi a yawancin makarantunmu na firamare. Malam zai juya wa yara baya ya cika allo da rubutu, ya karanta su maimaita, ya sake karantawa su sake maimaitawa, har ajin da ke maƙwabtaka da su ya haddace. Sa'an nan ya juyo ya ce, "Kun gane?" Yara tamanin su amsa da murya ɗaya, "Mun gane, Malam!" Wannan tambaya da wannan amsa sun yi wa ilmin ƙasarmu ɓarnar da fari da fara ba su yi wa gonakinmu ba. Yaron da aka yi wa tarbiyya a gidan Bahaushe ko a rugar Bafillace ba zai dubi babba ya ce masa bai gane ba, don a wurinsa wannan rashin kunya ne. Saboda haka amsar ba ta nuna komai sai ladabin yara. Malam ya tafi gida da zuciya fara, yaro ya tafi gida hannu banza.

Kada a ce zargi ne kawai. A 2011 an gwada 'yan aji uku na makarantun firamare a Jihohin Sakkwato da Bauci, aka ba kowane yaro ɗan gajeren labari da Hausa aka ce ya karanta shi kaɗai. Mafi yawansu ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba. Ku lura, da Hausa ne, harshen da suke mafarki da shi. Waɗannan yara sun shekara fiye da biyu suna zuwa makaranta, an kira sunansu a rajista, an kuma tambaye su sau ɗaruruwa ko sun gane, sun ce sun gane.

Ra'ayin da muka faɗa ba mu muka ƙago shi ba, gado ne muka tarar a ƙasar. Wurno ribaɗi ce da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina a kan tudu a gefen Gulbin Rima, ya mayar da ita mazauninsa, a nan kuma ya rasu a 1837, kabarinsa na can har yau. Bello mutum ne mai ƙishirwar sani: lokacin da Baturen nan Clapperton ya zo Sakkwato karo na biyu a 1826, cikin kyaututtukan da ya kawo masa har da littafin lissafi na Iƙlidisu da Larabci, daga baya kuma ya iske shi zaune yana nazarinsa. A cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, Bello ya siffanta yadda mahaifinsa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, yake fita karantarwa. Ya nuna cewa Shehu kan ɗan tsaya kafin ya fito wa jama'a don ya sabunta niyyarsa, ya kan fito da sakin fuska, ya yi sallama yadda kowa zai ji, kuma yawan tambaya ko rashin natsuwar masu saurare ba su sa shi fushi. Ya kuma riƙa yi wa mutane bayani da harshen da suke ji. Ɗan ya ga wajibi ne ya rubuta wannan a littafin tarihin jihadi, tare da labarin yaƙe-yaƙe, domin ya san cewa yadda aka koyar ɓangare ne na abin da aka koyar.

Amma wadda ta fi kowa warware matsalar da muke magana a kai ita ce 'yar'uwar Bello, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Za mu ɗan daɗe a kanta, domin duk wanda ya fahimci abin da ta yi ya samu rabin kwas ɗin koyarwa kyauta.

Ku dubi halin da ta samu kanta a ciki. An ci Alƙalawa, birnin Gobir, a 1808, an ci gaba da yaƙe-yaƙe har zuwa Gawakuke a 1836. Ƙauyukan da ke bakin Rima da ribaɗoɗin da aka kafa sun cika da mata waɗanda ba su san Larabci ba, da yawansu ba su jin Fillanci, wasu kuma sun taso ne cikin bori a ƙarƙashin Innar Gobir. Ba su da lokacin zama a zaure shekara da shekaru suna bin Ahalari da Iziyya da Risala, ga daka, ga ɗiban ruwa, ga raino. Ita kuwa Asma'u malama ce da ta ƙware a Larabci har tana musayar wasiƙa da malaman wasu ƙasashe. Da ta so, da sai ta zauna a ɗakinta ta yi ta rubutu da Larabci mai zurfi, malamai su yaba, matan ƙauye kuma su ci gaba da zama cikin duhu. Mahaifinta ya riga ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a littafinsa Nurul Albabi, ita kuma sai ta nemi hanyar da za a aikata maganar.

Farko ta tambayi kanta wace ce ɗalibar. Amsar wannan tambaya ce ta zaɓa mata harshe. Abin da ta nufi malamai da shi ta rubuta da Larabci, na dangi da jama'ar Shehu da Fillanci, na talakawa da Hausa. Waƙar Tabbat Haƙiƙa, wadda ke gargaɗi ga masu mulki da waɗanda ake mulka, Shehu ya yi ta da Fillanci, Asma'u ce ta mayar da ita Hausa. Ba ta ɗauki wannan a matsayin saukowa daga darajarta ba. Sa'an nan ta zaɓi waƙa a matsayin mazubi, don waƙa ita ce littafin wanda ba ya karatu: mace na iya rera ta tana surfe, ta koya wa kishiyarta, 'yarta ta tsinta a bakinta ba tare da an zaunar da ita ba, kuma in an manta kalma, amsa-amo da karin waƙar za su tuna da ita. Ku ɗauki waƙarta Sunago. A cikin 'yan baitoci kaɗan ta jera sunayen surorin Alƙur'ani duka 114, yadda matar da ba ta taɓa riƙe allo ba za ta san surorin Littafinta. Wannan aikin malami ne wanda ya zauna ya auna nauyin kaya da wuyan wanda zai ɗauka.

Abin da ya fi ba mu sha'awa kuwa shi ne tsarin 'Yan Taru. Tun da matan aure masu ƙananan yara ba za su iya barin gidajensu ba, sai ta zaɓi dattijan mata masu hankali da riƙon amana daga ƙauyuka, ta naɗa kowacce jaji. Jaji kan jagoranci ayarin tsofaffi da 'yan matan da ba su isa aure ba, su tako a ƙasa har inda Asma'u take, su zauna su koyi waƙoƙin da bayaninsu, su kawo tambayoyin matan da suka baro a gida, sa'an nan su koma su koyar. Alamar jaji ita ce malfa da jan rawani, irin malfar da aka san Innar Gobir da ita. Wannan ma darasi ne. Ba ta tsaya zagin abin da matan suka saba girmamawa ba, sai ta ɗauki alamar da suka sani ta ɗora ta a kan mai ilmi. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam, wadda ta zauna a Wurno, ta ci gaba da riƙon wannan aiki, kuma lokacin da Jean Boyd ta yi bincikenta a Sakkwato, wanda ya fito a littafi a 1989, ta tarar da matan da ke rera waɗannan waƙoƙi fiye da shekara ɗari bayan mai su ta bar duniya.

To, ina jarrabawar Asma'u? Jarrabawarta ita ce jaji ta koma ƙauye ta tsaya gaban mata ta koyar. In ba ta gane ba, ba ta da inda za ta ɓuya, don babu allo da za ta kwafa, babu wanda zai raɗa mata amsa. Wanda ya san zai koyar da abu gobe ba ya sauraronsa yau kamar wanda zai rubuta shi a takarda ya manta. A Ingila ma, a ƙarshen ƙarni na 18, wani mai suna Lancaster ya buɗe makaranta a Landan inda manyan yara ke koyar da ƙanana, tsarin ya bazu ƙwarai, daga baya ya mutu don ya koma haddar aku, yaro na maimaita wa yaro abin da shi kansa bai fahimta ba. Bambancin shi ne Asma'u ba ta sakin jaji sai ta zauna da ita ta san abin da ke cikin kanta.

Makarantar allo ma, wadda wasunmu 'yan boko suke yi wa kallon raini, tana da wata ƙa'ida da ta fi tamu. Ba a wanke allo sai yaro ya biya wa malam karatunsa shi kaɗai, malam ya ji da kunnensa ya yarda. Almajirai hamsin na iya zama a gindin bishiya ɗaya, kowa da inda yake, wani na babbaƙu, wani na farfaru, wani ya yi nisa cikin izu, ba a jan wani a bar wani don wai zangon karatu ya ƙare. Mu kuwa mukan wanke allon aji duka da tsumma ɗaya da zarar an kaɗa ƙararrawa, mu ciyar da yaro gaba daga aji zuwa aji saboda shekarunsa, har ya kai aji shida bai san baƙi ba. Ba muna cewa makarantar allo ba ta da aibu ba. Bulala ta yi yawa a cikinta, bara ta ɓata mata suna, kuma yaro na iya shekaru yana karanta abin da ba a fassara masa ba. Amma ƙa'idar nan ta biyawa kafin wankewa, da za mu are ta, da ta gyara mana abubuwa da yawa. Wata ƙungiya a ƙasar Indiya mai suna Pratham ta yi suna a duniya saboda tsarin rarraba yara bisa ga abin da suka iya karantawa maimakon bisa ga ajinsu, ana ta zuwa koyo a wurinta, alhali kuwa kowane alaramma a Goronyo haka ya tarar ana yi.

Mu gangaro Rabah, a bakin Gulbin Sakkwato. A nan aka haifi Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah. Mutane na tunawa da shi a matsayin Firimiyan Jihar Arewa, suna manta cewa aikinsa na farko koyarwa ne: ya gama Kwalejin Katsina a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato har 1934, lokacin da aka naɗa shi Sarkin Rabah. A zamaninsu yaron elementare da Hausa yake fara karatu da rubutu da lissafi, yana da Ka Koyi Karatu, yana da Ka Ƙara Karatu, in ya yi ƙarfi ya shiga Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, kafin a ɗora masa Turanci sosai a Midil. Waɗanda suka bi ta wannan hanya su ne suka je Ikko da Landan suka yi muhawara da Turanci ba tare da an yi musu dariya ba. Wani malamin Midil ta Sakkwato, Shehu Shagari, da ya ga labarin ƙasa na yi wa yara wuyar riƙewa, sai ya tsara Waƙar Nijeriya da Hausa, ya zuba garuruwa da koguna da al'ummomin ƙasar a cikin baitoci. Ko ya yi niyya ko bai yi ba, sawun Asma'u ya taka.

Daga baya yawa ya zo ya rinjayi kyau. An fara shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, a Satumba 1976, yaran da suka fito suka zarce lissafin Gwamnati da nisa, aka ɗebi malamai da gaggawa, wasu bayan ɗan gajeren horo, aka tura su azuzuwan da suka cika maƙil. A 1999 aka ƙaddamar da magajinsa, UBE, a nan birnin Sakkwato. Ba mu ƙi a buɗe wa ɗan talaka ƙofar makaranta ba, Allah ya kiyaye, da yawanmu ta wannan ƙofa muka shigo. Sai dai tun daga lokacin muka koyi ƙidaya yaran da suka shiga aji, muka daina tambayar abin da suka fito da shi.

Maganar harshe kuwa har yau ba ta zauna ba. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife tun daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida ana ba su Turanci a matsayin darasi, ya nuna ba su kasa takwarorinsu ba ko a Turancin kansa. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a duk shekarun firamare, a Nuwamba 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke wannan, aka koma Turanci. Mu ba mu ga hikimar sokewar ba, kuma mun faɗa a nan gaban waɗanda gobe za su zauna a kujerun da ake yanke irin wannan shawara. Amma ko me takarda ta ce, malamin da ke tsaye gaban yara a Gandi ko Achida ya san gaskiyar da ke gabansa: in ya yi bayanin raba lamba da harshen da yaro bai ji, ya ɗora masa kaya biyu a lokaci guda, yaron kuwa zai yar da duka biyun. Sai a fahimtar da shi abin da Hausa, ko da Fillanci in ɗan ruga ne, sa'an nan a ba shi sunan abin da Turanci, ya riƙe biyun. Har Hausar ma a yi hattara. Yaron ƙasar nan "shina" yake cewa inda littafi ya ce "yana", "mi" inda littafi ya ce "me", "hwari" inda aka rubuta "fari". Malamin da ya zo daga wani wuri ya mayar da wannan abin dariya ya rufe bakin yaron har ƙarshen shekara. A nuna masa yadda ake rubutawa, a bar masa yadda uwarsa take faɗa.

Yanzu bari mu shiga aji mu ga yadda wannan ra'ayi yake a aikace, don kada a ce mun tsaya yabon magabata.

Ƙasar Wurno da Goronyo ƙasar fadama ce, ta albasa da tafarnuwa da shinkafa da alkama. Yaro ɗan shekara goma a can ya san fangali nawa ne a lambun ubansa, ya san tiya nawa ke cika buhu, in an sayar da buhu goma sha biyu ya san la'adar dillali kafin dillalin ya gama lissafi. Wannan yaron ne za a kawo aji a ba shi lissafi a kan farashin tuffa da tikitin jirgin ƙasa, ya faɗi, a rubuta masa sifiri da jan biro, a ce ba shi da kai. Kansa lafiya lau yake, darasin ne bai san hanyar gidansu ba. Malamin kirki kan fara da abin da ke hannun yaro: lambu mai fangali 40, an raba wa 'yan'uwa 5, kowa nawa zai samu? Yaro zai ba da amsa kafin a rufe baki. Daga nan sai a nuna masa cewa abin da ya yi da ka shi ne ake rubutawa da wannan alama, sai alamar ta zama sunan abin da ya riga ya sani. Da yamma in ya je lambu zai gwada, in ya gwada ya ga ta yi, zai faɗa wa ubansa, uban da ke shakkar amfanin boko kuma zai fara sake tunani. Ba mu san wata hanyar jawo iyaye zuwa ga makaranta da ta fi wannan ba, ko da an tara hakimai da masu unguwanni an yi ta shela.

Haka labarin ƙasa da kimiyya. Ga madatsar ruwa ta Goronyo a kan Rima, wadda aka gama ginawa a 1984. A Satumba 2010 ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a kwarin Rima, har ta yanke hanyar da ta haɗa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da cikin gari. Iyayen yaran da ke aji yau sun ga wannan da idonsu. Ina dalilin da za a koyar da su sunayen kogunan wasu nahiyoyi alhali ba a taɓa tambayarsu daga ina ruwan Rima yake tasowa ba, me ya sa yake cika bayan an yi ruwa a wuraren da ba su taɓa gani ba, me ya sa yashi ke cike madatsa? Yaron da ya zana gulbin garinsu a ƙasa da tsinke, ya sa dutse a matsayin madatsa, ya zuba ruwa da buta ya ga inda ya bi, ya fahimci taswira. Bayan haka a kai shi Kwara, a kai shi Nilu, zai bi.

Sai batun cunkoso, wanda shi ne uzurin kowa. Gaskiya ne mutum ɗaya ba zai saurari yara tamanin ɗaya bayan ɗaya cikin minti talatin da biyar ba. Amma zai iya naɗa jajojinsa. A kowane aji akwai yara takwas ko goma da suka riga saura. A zauna da su minti goma kafin a shiga aji ko lokacin tara, a tabbata sun gane, kowannensu a ba shi yara bakwai ko takwas ya saurari karatunsu, malam kuma ya zaga, ya fi daɗewa wurin waɗanda ke baya. Kada jajin ya zama ɗan sanda mai rubuta sunan masu surutu, kada kuma a ba shi bulala, kuma a riƙa sauya su don kada wasu su ɗauka an haife su ne don a koya musu kawai. A bar tambayar "kun gane?" gaba ɗaya. A maimakonta a kira yaro daga bencin baya, ko daga tabarmar baya inda babu benci, a ce, "Faɗa wa ɗan'uwanka abin da muka yi, da bakinka." In ya kasa, ba a wanke allo ba ke nan, gobe a sake ta wata hanya. Kuma kafin a tashi a ba kowa saƙon da zai kai gida: ka karanta wa kakarka wannan layi, ki ƙidaya wa innarki kwanukan da ta auna yau ki rubuto. Washegari a fara da tambayar me aka ce a gida.

Game da bulala, abin da za mu ce kaɗan ne. Tsoro na iya sa yaro ya yi shiru, yana iya sa shi ya haddace, amma ba mu taɓa ganin ya sa yaro ya ɗaga hannu ya ce bai gane ba, wannan kalma kuwa ita ce malami ya fi bukata ya ji.

Akwai wani nauyi da ya ƙaru a shekarun nan wanda ba za mu tsallake shi ba. Hare-haren 'yan bindiga sun taɓa wannan yanki ƙwarai: a Yuli 2018 an kai hari Tabanni a ƙasar Rabah mutane suka gudo Gandi, a Oktoba 2021 an kashe mutane da dama a kasuwar Goronyo. Yaron da aka taso daga ƙauyensu na iya zama wata uku a ajinka, sa'an nan iyayensa su ƙara gaba, wataƙila inda babu makaranta ko kaɗan. Ba zai tafi da allon bango ba, ba zai tafi da rajista ko manhaja ba. In ka yi wata ukun nan kana gaggawar gama manhaja don sufeto, ka sallame shi da hannu wofi. In kuwa ka tsaya ka tabbatar ya iya haɗa baƙi da wasali ya fitar da kalma, ya iya rubuta sunansa da lamba har ɗari, to ya tafi da abin da zai koya wa ƙannensa a duk inda suka sauka.

Ku da za ku zama jami'an ilmi da sufetoci da masu riƙe da fayil a Ma'aikata, muna da roƙo biyu gare ku. Na farko, ku biya malamin ƙauye albashinsa a kan kari, ku daina mayar da tura mutum ƙauye horon wanda ya yi laifi, don mai yunwa da ɓacin rai ba ya fita wa yara da sakin fuska. Na biyu, ranar da kuka je duba makaranta a Wurno ko Rabah ko Goronyo, kada ku tsaya ofishin hedimasta kuna duba littafin shirin darasi. Ku shiga aji uku, ku zaɓi yara biyar da kanku, mata uku maza biyu, daga layin baya, ku ba kowanne ɗan layi biyu na Hausa da bai taɓa gani ba ya karanta, sa'an nan ku tambaye shi abin da layin ya ce. Abin da kuka ji ku rubuta a rahotonku, da adadin waɗanda suka iya da waɗanda suka kasa, ku kuma koma bayan wata uku ku sake gwada wasu biyar.

Shugaba, mun ga an miƙo mana takarda cewa lokaci ya cika, kuma an ce akwai masu tambaya.